Tambayi Likita: "An ce sai 'yata ta feɗe gawa kafin ta zama likita"

Tun da aka fara kafe sunayen waɗanda suka sami gurbin jami'a na bana, saƙonnin da ke shigo mini suka sauya. Masu tambayar hawan jini da basir sun ɗan lafa, iyaye da ɗalibai suka karɓe filin. Na ware waɗanda suka shafi darasin da na taɓa koyarwa kafin in dawo aikin asibitin karkara a nan Jigawa, wato anatomi, ilimin sanin ƙirar jikin ɗan Adam. Bawan Allah mai ciwon diddige da ya yi ta kirana ranar Talata, ka yi haƙuri, taka amsar sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, ɗana ne yake rubuta mini wannan. 'Yata ta sami karatun likita a Kano, muka yi murna har da walima. Sai wani maƙwabcina ya ce a can gawar mutum ake ba su su yanka gunduwa-gunduwa, kuma wai wasu yaran haukacewa suke yi. Uwarta ta kwana biyu ba barci. Gaskiya ne? Gawar su wa ake ba su? Kuma addini ya yarda da haka?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya sa al'umma ta amfana. Maƙwabcinka ya ji ƙamshin gaskiya, amma ya ƙara mata gishiri har ta yi yawa.

Karatun likita a Najeriya shekara shida ne. Shekarar farko ba ruwanta da gawa, kimiyyar da ta baro a sakandare za ta maimaita da zurfi. A shekara ta biyu zuwa cikin ta uku ne za ta haɗu da darussa uku: anatomi, wato yadda aka ƙera jiki, fiziyoloji, yadda yake aiki, da bayokemistiri, sinadaran da ke gudana a cikinsa. A anatomi ne ake shiga ɗakin gawa. E, gawar mutum ce ta gaske, ba zan ɓoye maka ba.

Amma batun gunduwa-gunduwa, wannan zancen wanda bai taɓa leƙa ɗakin ba ne. Ni ɗan mahauci ne, mahaifina, Allah ya jiƙansa, a kasuwar Gujungu yake fawa ranar Lahadi, ranar Alhamis ya tafi Maigatari sayen dabbobi. Na san yanka, na san sara, kuma abin da ake yi a ɗakin nan ba ko ɗaya ba ne daga ciki. Gawa ɗaya ɗalibai za su yi fiye da shekara a kanta. Hannu ɗaya kaɗai, daga kafaɗa zuwa yatsu, yana cin makonni. Ana ɗaga fata a hankali, a share kitse da ɗan hantsaki, a bi jijiya guda tun daga hammata har tafin hannu ba tare da an tsinka ta ba. Wanda ya tsinka ya yi wa dukan teburinsu asara, don ba a ɗinke ta a sake. Akan fara da hannu da ƙafa, sannan ƙirji, ciki, ƙugu, a ƙare da wuya da kai da ƙwaƙwalwa. Wurin da ba a aiki a kansa a rufe yake, fuska ma galibi a lulluɓe take sai an zo darasinta.

Kuma gawar ba irin wadda ka sani a wanka da likkafani ba ce. An ɗura mata wani ruwan magani, fomalin, ta babbar jijiyar jini da ke cinya, ya ratsa ko'ina. Ba ta ruɓewa, ba jini mai zuba, ƙwayoyin cuta akasari sun mutu, launinta ya koma ruwan ƙasa, jikin ya yi tauri. Abin da zai dami 'yarka ranar farko warin fomalin ne, mai sa hawaye da yaji a hanci. Shaƙarsa na tsawon shekaru yana da illa, shi ya sa ɗakin ke bukatar tagogi da fankoki, ɗalibi kuma ya sa safar hannu da farar riga. In za ka yi mata sayayya, ka haɗa da kwalin safar hannu, sun fi sabon akwati amfani.

Gawar su wa? A nan ne ni kaina zuciyata ba ta cika kwanciya ba. Akwai dokar ƙasa tun 1933 da ta tsara yadda makarantun likita ke karɓar gawa, da izinin hukuma. Yawanci gawarwakin da suka daɗe a mutuware ne ba wanda ya zo nema: wanda mota ta kaɗe ba a san garinsu ba, mai taɓin hankali da ya rasu a titi, wani lokaci wanda ya mutu a hannun hukuma. A Turai mutum kan yi wasiyya da gawarsa ga makarantar likita, mu nan da wuya ka ji haka, mu da muke sallar gawa a binne kafin rana ta faɗi. Shi ya sa gawa ke ƙaranci a makarantun Arewa, ta mace kuwa ta fi ƙaranci. A zamaninmu teburinmu ya cika har wasu sai leƙe ta saman kafaɗa. Duk ranar da na shiga ɗakin nan a matsayin malami, nakan tuna wa ɗalibai cewa wannan da ke kwance wata ce ta yi naƙudarsa, aka yanka masa ragon suna, kuma mai yiwuwa har yau akwai mai zuba ido ya dawo gida. Ba dariya a kansa, ba ɗaukar hoto da waya, ba sanya masa sunan barkwanci. Na taɓa korar ɗalibi daga ɗakin saboda hoto, ban kuma yi nadama ba. Idan an gama, ƙa'ida ita ce a tattara komai a binne.

Batun addini, hujjar masu ƙyamar abin ba ta banza ba ce. Hadisi ya zo daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Malaman zamani sun zauna a kan wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1987, ta halatta buɗe gawa saboda dalilai uku: binciken kisa, gano cutar da ta yi ajali don a kare masu rai, da koyar da likitanci. Ta kuma gindaya sharuɗɗa: in an san mamacin sai da izininsa kafin ya rasu ko na magadansa, kada a wuce gwargwadon bukata, gawar mace mata ne za su yi aiki a kanta matuƙar akwai su, sannan a binne dukan sassan. Ka kai wa limaminku wannan bayani ku tattauna, ya fi ka tsaya a kan na bakin maƙwabci.

Hauka kuwa, a duk shekarun da na yi ban ga wanda gawa ta haukatar ba. Na ga wanda ya yanke jiki ya faɗi ranar farko, ƙato kuwa, 'yan matan teburinsu ne suka yi masa fifita. Na ga masu mugun mafarki na 'yan kwanaki. Ni kaina, ɗan mahauci guda, sai da na yi mako biyu ban iya kai nama bakina ba. Duk yana wucewa. Abin da ke karya yara a wannan aji yawan karatu ne da rashin barci da tsoron faɗuwa jarrabawa, ga kewar gida. Maganin wannan yana hannunku: ku riƙa kiranta, kuma in ta ce ta gaji kada a ce mata raki.

Ka gaya wa mahaifiyarta wannan, ita za ta fi ganewa. A cikin ƙugun mace, mafitsara tana gaba, mahaifa da hanyar haihuwa a tsakiya, dubura a baya, tsakaninsu ɗan bango ne marar kauri. In naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashin gaba na kwana ɗaya ko biyu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ya ɓule. Yoyon fitsari ke nan, wanda ake kai mata asibitin Jahun dominsa daga ko'ina a jihar nan. Likitar da za ta ciro jariri ta tiyata kafin a kai ga haka, dole hannunta ya san inda mafitsara ta tsaya, da inda bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ya ratsa dab da jijiyar mahaifa. Ba a ranar da mace ke zubar da jini a kan gado ake koyon wannan ba. Kuma matan ƙauyenku, na tabbata, za su fi son hannun da zai yi aikin ya zama na 'yarku.

TAMBAYA: Likita, mun yi musu a majalisarmu a Kazaure. Wai haƙarƙarin namiji bai kai na mace yawa ba, tun da daga nasa aka halicce ta?

AMSA: Wanda ya ce daidai suke shi ya ci musun, a saya masa shayi. Namiji da mace kowa haƙarƙari 24 gare shi, 12 dama 12 hagu. Na ƙirga a gawa, na ƙirga a hoton ƙirji ba adadi. Akan sami mutum jefi-jefi mai ƙarin ɗan haƙarƙari a gindin wuya, kuma wannan yana faruwa ga maza da mata. Abin da ya zo game da Annabi Adamu da Nana Hauwa'u bai ce 'ya'yansa maza za su gaji giɓi ba; ai wanda aka yanke wa yatsa ba ya haifar ɗa mai yatsu tara. Ragon layya dai ya fi ku duka, nasa 13 ne kowane gefe.

TAMBAYA: Malam Likita, ina aji biyu a karatun likita. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Sumaila, makarantar gwamnati na yi. Gwajin farko na anatomi na faɗi warwas. Sunayen nan na Latin ba sa zama a kaina, in na haddace da dare da safe sun gudu. 'Yan ajinmu da suka yi makarantun kuɗi kamar da abin aka haife su. Na fara tunanin ko in koma wani fannin.

AMSA: Ɗana, zauna tukuna. Gwajin farko na anatomi ya kayar da mutanen da yau manyan likitocin tiyata ne. Matsalarka, daga yadda ka rubuto, hadda kake yi irin ta allo, alhali wannan darasi na ido ne da hannu.

Fara da sunayen da ke ba ka tsoro. Mutanen da suka raɗa su ba wani tsafi suka yi ba, abin da ke gabansu suka duba suka kwatanta, yadda kakanninmu suka yi. Mu muka ce ƙoƙon kai, allon kafaɗa, karan hanci, idon sawu, gadon baya, ƙoƙon gwiwa. Su ma haka. Pelbis, ƙashin ƙugu, asalin kalmar daro ne na wanke-wanke. Patela, ƙoƙon gwiwa, ɗan faranti. Kilabikul, ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ɗan mabuɗi. Kokiliya ta cikin kunne, katantanwa, don haka take a naɗe. Diyodinam, farkon ƙaramin hanji, daga goma sha biyu aka samo shi, saboda tsawonsa ya kai faɗin yatsu goma sha biyu. Kalmar da suke kiran tsoka da ita ma asalinta ɗan ɓera ne, wai don in ka murɗa damtse kamar ɓera ke gudu a ƙarƙashin fata. Duk sunan da ka ci karo da shi, nemi ma'anarsa kafin ka haddace. Wanda ka san ma'anarsa ba ya gudu da safe.

Inda Hausa za ta yi maka ƙafar ungulu wuri ɗaya ne, kuma gara ka sani tun yanzu: kalmar jijiya. Mu komai jijiya ne. Wadda ke fitar da jini daga zuciya tana harbawa, jijiya. Wadda ke mayar da shi, wadda ake sa wa ƙarin ruwa, jijiya. Wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka, jijiya. Wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara, ita ma jijiya. Abu huɗu ne mabambanta, kuma a gawa babu ja da shuɗi da rawaya irin na zanen littafi, duk launinsu ya kusa zama ɗaya. Da yatsa ake rarrabe su. Mai harbawa bangonta da kauri, in ka matsa za ka ji rami a ciki, ta dawo. Mai mayar da jini a lotse take, sirara, sau da yawa da duhun daskararren jini. Ta saƙo ba rami, kamar igiyar da aka tufka da zarurruka. Ta tsoka tana sheƙi, kuma in ka bi ta dole ta kai ka ga tsoka. Ɗalibin da ke tsayawa a bayan mutane yana riƙe da littafi don ƙyanƙyami ba zai taɓa sanin wannan ba, kuma ranar jarrabawar ƙararrawa, da ake soka allura a wani sashe a ba ka kamar minti ɗaya ka faɗi sunansa kafin a kaɗa ka matsa gaba, asirinsa zai tonu.

Bari in ba ka labarin kaina. Makonmu na farko a ɗakin, da aka ce wa zai fara, na karɓi wuƙa da ƙarfin gwiwa, ai ni ɗan gidan fawa ne. Cikin minti kaɗan na ɗaye fatar damtse tas, ina jiran yabo. Malamin da ke zagayawa ya zo ya duba, ya tambaye ni ina jijiyar jinin da ke bin gefen damtse a ƙarƙashin fata, da ƙananan jijiyoyin ji da ke tare da ita. Suna jikin fatar da na yar a bokiti. Teburinmu sai a na maƙwabta muka je muka gan su, kuma an daɗe ana yi mini tsiya. Da na je gida hutun Babbar Salla na ba mahaifina labari. Bai ce komai ba sai da aka kayar da rago. Ya tsaga fata kaɗan, ya ajiye wuƙar, ya dunƙule hannu ya riƙa cusawa tsakanin fata da nama, fatar tana rabuwa da kanta ba ƙwarzane ko ɗaya. Ya ce mini Allah ya riga ya yi wa kowane nama hanyarsa, mai gaggawa ne ke sa wuƙa inda hannu zai wuce. Abin da malaman tiyata suka yi shekaru suna koya mini ke nan daga baya, da dogon Turanci.

Don haka kada ka raina ƙauyen da ka fito. Yaron da ya tashi a birni wataƙila bai taɓa ganin huhu ba sai a miya. Kai ka riƙe ƙafar rago ana fiɗa, ka wanke kayan ciki, ka san yadda ake cire maɗaciya daga jikin hanta a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. Ranar kasuwa ka je wurin mahauta da sassafe, ka sayi zuciyar rago haɗe da huhu da maƙogwaro, ka ce kada su yanka maka. Zuciyar rago ɗaki huɗu ce kamar tamu. Zura tsinke ta kowace jijiya ka ga ɗakin da ya faɗa. Tsaga ta ka ga bangon ɗakin hagu na ƙasa ya ninka na dama kauri, ka tambayi kanka dalili: na dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan kusa, na hagu kuwa har ɗan yatsan ƙafa. Sa bututu a maƙogwaron ka hura, ka ga huhu ya tashi. Ƙodar rago ma kusan irin tamu ce, sumul kamar ƙwayar wake, ta saniya kuwa ɓalli-ɓalli take. Amma ka san inda kamannin suka tsaya: cikin rago ɗaki huɗu ne saboda tuƙa, namu ɗaya. Raƙumi ma ko maɗaciya ba shi da ita, tambayi duk mahaucin da ya taɓa feɗe shi.

Sannan kowane abu ka koya, ka nemo masa majiyyaci. Maƙogwaro ya rabu biyu a ƙirji, reshen dama ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa ƙasa. Shi ya sa in yaro ya shaƙe da ƙwayar gyaɗa lokacin kaka, galibi huhun dama take faɗawa. Jijiyar da ke motsa murya, maimakon ta tafi kai tsaye, sai ta sauka ƙasa, ta hagu har cikin ƙirji, ta zagayo ƙarƙashin babbar jijiyar jini, ta sake haurowa ta bayan ƙullin da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Mai aikin maƙoƙo da bai san da ita ba zai sallami ladan da disasshiyar murya har abada. In ka riƙe ladanin nan a ranka, hanyar jijiyar ba za ta ɓace maka ba.

Karanta sashen da dare, ka taɓa shi da safe, da yamma ka rufe littafi ka zana shi ko a ƙasa ne, sannan ka bayyana wa abokinka da Hausa. Inda Hausar ta maƙale, nan ne ba ka gane ba. Kuma ka yi barci. Kada wani ya ba ka ƙwayar hana barci da sunan taimako. Ka sake rubuto mini bayan gwaji na biyu.

TAMBAYA: Ni malamin Islamiyya ne a ƙasar Gwaram. Hadisi ya ce gaɓoɓin ɗan Adam 360 ne, ɗalibina kuma ya ce a makarantar boko an ce musu 206. Yaya abin yake?

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ba abu ɗaya ake ƙirgawa ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito yana magana ne a kan mahaɗai, wato inda ƙashi ya haɗu da ɗan'uwansa. 206 kuwa adadin ƙasusuwan baligi ne. Ƙashi guda yana iya samun mahaɗa da yawa. Haƙarƙari ɗaya ma yana haɗuwa da ƙashin baya a fiye da wuri ɗaya. Adadin mahaɗai a wurin masana ya danganta da abin da mai ƙirga ya sa a lissafi, ko ya haɗa da ɗinkin ƙoƙon kai da ba ya motsi, da na 'yan ƙasusuwa uku da ke cikin kowane kunne.

Shi kansa 206 ɗin na babba ne. Jariri yana zuwa da kusan 270, wasu su manne da juna yana girma. Maɗigar jariri misali ce, ƙasusuwan kai ne ba su gama haɗuwa ba, takan rufe wajen shekara ɗaya da rabi. In ta lotsa ga yaro mai gudawa, ruwan jikinsa ne ya ƙare, ruwan gishiri da sukari yake bukata da asibiti, ba shafe-shafe a ka ba. Fiye da rabin ƙasusuwanmu kuma a hannu da ƙafa suke: 27 a kowane hannu daga wuyan hannu zuwa yatsu, 26 a kowace ƙafa daga idon sawu zuwa ƙasa.

Tun da malami ne kai, ga abin da za ka ba ɗalibanka. Fiye da shekara dubu likitocin duniya suna bin maganar Jalinusu, likitan zamanin Rumawa. Shi kuwa birai da aladu ya fi feɗewa, ya feɗe biri har wutsiya da gaske, sai dai biri ba mutum ba ne. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne. Abdullaɗif al-Bagdadi, bayan wata yunwa da aka yi a Masar wajen shekarar 1200, ya tarar da tarin ƙasusuwan mutane, ya duba da idonsa, ya ce ƙashi ɗaya ne. Jalinusu ya ce akwai ƙananan ƙofofi a bangon da ya raba zuciya biyu, jini ke ratsawa. Ibn Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya ce babu, jini daga ɓangaren dama sai ya bi ta huhu kafin ya iso hagu, kuma shi ne da gaskiya. A Turai sai a 1543 Besaliyas, malami a jami'ar Padua ta Italiya, ya fitar da aikinsa da ya gina a kan gawar mutum, ya gyara kurakuran Jalinusu masu yawa. Wannan tarihin ne ya sa har yau, duk da gumakan roba da bidiyo da kwamfuta, waɗanda ni ma na yi amfani da su kuma suna taimako, makarantunmu ba su rufe ɗakin gawa ba. A gunkin roba kowa iri ɗaya ne, a jikin mutane kuwa sai ka buɗe goma ka ga jijiya ta bi wata hanya daban a biyu ko uku.

TAMBAYA: Likita don Allah ka taimaka. Ɗana ɗan shekara huɗu ya yi zazzaɓi, aka kai shi kemis a ƙauyenmu a ƙasar Gaya aka yi masa allura a mazaunai. Ya ƙwalla ƙara sosai. Tun ranar yake jan ƙafar, yatsun suna sharar ƙasa. Yau kwana tara. Kakarsa ta ce shan inna ne, wasu sun ce iska.

AMSA: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ban ga yaron ba, amma yadda kika faɗa, allura, ƙara nan take, sannan ƙafa ta saki a ranar, ya fi kama da allurar ta sami jijiyar da ake kira sayatik. Ita ce jijiyar saƙo mafi kauri a jiki, a babba ta kai kaurin babban yatsa. Daga ƙasan gadon baya take fitowa, ta ratsa tsakiyar mazaunai zuwa ƙasa, ta bi bayan cinya, ta rabu biyu a saman gwiwa. Reshe ɗaya shi ke ɗaga tafin ƙafa da yatsu sama in ana tafiya. In ya sami rauni, ƙafar sai ta langaɓe, yaro ya riƙa ɗaga gwiwa sosai ko ya ja yatsu a ƙasa.

Wannan shi ne abin da ake nuna wa ɗalibi a gawa tun watannin farko. A raba mazauni gida huɗu, a yi allura a na sama ta waje, can kusa da ƙashin ƙugu, nesa da jijiyar. Ƙaramin yaro kuwa, musamman wanda ciwo ya ramar, naman wurin bai da kauri, shi ya sa ake yi wa jarirai rigakafi a gefen cinya. Wanda ya koyi allura da kallo kawai, tsakiya yake nufa inda ya ga tsoka, nan kuwa jijiyar take kwance. Abin takaicin ma, yawancin zazzaɓin da ake yi wa allura a kemis, maganin sha ya ishe shi, in yaro ba ya amai kuma yana iya haɗiya. Mu ma iyaye da laifinmu, mu ne ke cewa in ba a yi allura ba ba a yi magani ba.

Ki kai shi babban asibiti gobe, kada ki ƙara kwana. Maganar kakarsa kada a yar da ita gaba ɗaya: an ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a 2020, amma har yanzu ƙa'ida ce duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da jami'an lafiya a ɗauki bayan gidansa a gwada, kuma an fi so a yi cikin mako biyu na farko. Kwana tara kin ga lokaci ya matso. Gwajin kyauta ne.

In jijiyar ce, da yawa suna samun sauƙi, amma a hankali take warkewa, ana maganar watanni. Za a haɗa ku da masu gashin ƙashi, su koya miki yadda za ki riƙa motsa masa idon sawu kullum don kada agara ta ƙanƙance ƙafar ta sandare a lanƙwashe, wataƙila a yi masa ɗan takalmin da zai riƙe tafin a miƙe. In watanni suka wuce ba canji, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kafin nan, kada a yi masa tsaga ko ƙaho, kada a gasa ƙafar da ruwan zafi ko garwashi, don wani ɓangaren fatar ba ya ji, zai ƙone bai sani ba. Ki sa masa takalmi ko a tsakar gida, ki riƙa duba tsakanin yatsun da dare. In kwalbar allurar ko kwalinta na nan, ki tafi da shi, likitan zai so ya san wane magani ne aka yi masa.